Zauren Tsofaffin Ɗalibai: Wa za a karrama ranar 15 ga Janairu, kuma da me?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da hunturu. Kwamitin kula da makaranta ya zauna ranar Asabar, aka ce in kawo muku wannan shawarar. Ranar 15 ga Janairu ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya a faɗin ƙasa. Bana ana so firamarenmu ta yi nata ɗan taron, a karrama tsofaffin sojoji uku da suka rage mana a gari, a haɗa da masu yi wa makaranta aiki don Allah, malaman sa-kai da sauransu. Lissafin da aka yi ya ƙunshi takardun yabo masu gilashi, hayar rumfa da kujeru daga Gumel, lasifika da janareta, lemo da ruwan leda, duka naira 180,000. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Ma'aji: Kafin a fara tofawa, abin da ke asusu 94,500 ne. Kuma akwai waɗanda rabonsu da biyan kuɗin wata tun kafin babbar salla. Sun san kansu.

Ɗan Legas: Masha Allah, wannan shawara ta yi. Ni na ɗauki nauyin takardun. Akwai masu buga su a Shomolu, irin na katako mai rubutun ruwan zinare, sai in sa a motar Kano. A gayyaci Ciyaman da mai girma Hakimi, a yi hotuna a watsa a Facebook, duniya ta san garinmu ba a baya yake ba.

Direba: In Ciyaman zai zo a ninka lemon. Ba ya tafiya shi kaɗai.

Malamar Aji Biyu: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina cikin waɗanda aka ce za a karrama, don haka ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ina da NCE. Kullum ƙarfe bakwai da rabi ina cikin makaranta. Yaran ajina sun haura 90, fiye da rabinsu a ƙasa suke zama, da sanyin nan wasu buhu suke zuwa da shi su shimfiɗa. Abin da ake ba ni naira 5,000 ne daga kuɗin iyayen yara, shi ma sai watan da aka samu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 70,000 ne tun 2024. 'Yan N-Power ma da aka kawo mana a baya 30,000 suke karɓa. To yanzu a kashe 180,000 a rumfa da lemo don a miƙa min katako in riƙe a ɗauke ni hoto? Wallahi ba raini ba ne, amma in aka ba ni zaɓi, a saya min kwalin alli da tabarmi.

Ɗan Legas: Haba ƙanwata, ai yaba kyauta tukwici. Ba biyanki za mu yi ba, Allah ne zai biya ki.

Malamar Aji Biyu: Amin Yaya. Amma wannan maganar ita ake faɗa mana duk ƙarshen wata.

Anti Nas: Yarinyar nan ta fi ku gaskiya. Ku bar ta ta yi magana.

Na'ibi: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da abu biyu. Na farko, abin da muke gani a talabijin ranar nan, ajiye furanni a gindin gunki da sakin tantabaru da tsayuwar shiru, ba tarbiyyarmu ba ce, kada a kawo mana shi cikin makaranta. Mamaci addu'a yake buƙata. Na biyu, wanda ya yi aiki don Allah, in aka kira shi gaban jama'a ana tafa masa, ana iya buɗe masa ƙofar riya, a ɓata masa ladan da ya daɗe yana tarawa. A yi hattara.

Malam Babba: Allah gafarta Malam, a ta farkon ina bayanka, babu mai kawo fure garin nan, ko an so ma ina za a samo shi da rani. A ta biyun kuwa, kai ka karantar da mu cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Riya tana zuciyar mai aiki, godiya kuwa tana wuyanmu mu da aka yi wa aikin. In mun yi shiru don kare masa lada, mu kuma wa zai sauke mana namu nauyin?

Na'ibi: Haka ne Malam Babba. To amma a tambayi kowa tukuna. Na san mutum ɗaya a garin nan da ke sayen alli da rajista duk zango, ya roƙe ni kada ko Hedimasta ya san shi ne. Irin wannan a bar shi da Ubangijinsa.

Hedimasta: Ashe ta hannunka yake biyowa, Allah gafarta Malam. To a isar masa da godiyata.

Kofur: Ni kuma tawa damuwar daban ce. Ina cikin ukun da ake magana. Na shiga soja ina saurayi, ina cikin waɗanda suka sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya a Laberiya a watan Agustan 1990 ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ana ruwan wuta muka taka ƙasa. Daga baya aka kai mu Saliyo. Akwai waɗanda muka ci tuwo kwano ɗaya da su da ba su dawo ba, iyayensu ko kabari ba su gani ba. Ina girmama malamai, su suka koya min rubuta sunana. Amma ranar 15 ga Janairu ta waɗancan ce. Kada a cakuɗa. Wanda ya ba da lokacinsa da wanda ya ba da ransa ba layi ɗaya za su tsaya ba. A ware wa 'yan sa-kai tasu ranar, ko ranar raba sakamako.

Sarkin Samari: Kawu Kofur, to 'yan sintirinmu fa? Da tocila da gora suke kwana suna zagaya gari. Lokacin da ake sace tagogi da ƙofofin ajujuwa su suka kawo ƙarshen abin. Su wane layi za su bi?

Kofur: Ɗana, su ma a yi musu tasu. Ban raina kowa ba.

Ma'aji: Rana uku kenan. Da kuɗin wa?

Jikan Saje: Kawu Kofur, da izininka. Shi Baba Saje wane layi za a sa shi? Don shi duka biyun ne. Ya shiga soja 1968 yaƙin basasa na tsakiyar ci, aka yi musu horon gaggawa a Zariya aka tura su. Har yau akwai ɓaraguzan ƙarfe a cinyarsa ta hagu, in sanyi ya shigo irin yanzu sai an gasa masa da tsumma da ruwan zafi kafin ya iya miƙewa. Da ya bar aiki ya dawo gida, babu wanda ya ɗauke shi gadin makaranta, shi ya ɗauki kansa. Darbejiyoyin da ke layi daga ƙofa zuwa ofishin Hedimasta shi ya dasa, da tulu yake ɗebo musu ruwa daga rijiyar masallaci, ya kewaye kowacce da ƙaya saboda awaki. Duk wanda ke zauren nan da ya yi firamare a garinmu, Baba ne ya koya masa fareti.

Direba: Hagu dama, hagu dama! Wallahi har yanzu in na ji usur sai gabana ya faɗi. Ya taɓa sa ni tsallen kwaɗo daga rijiya har bakin aji saboda na zo ba wanka.

Anti Nas: Kuma ka ga ya yi maka amfani? Har yau da sauranka.

Jikan Saje: Yana da wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai takardar sallamarsa a naɗe cikin leda, da lambobinsa biyu da yake gogewa da toka da lemon tsami, da hotonsa da kaki da igiya uku a hannu, da wani cokali da ya ce da shi ya ci abinci tun daga Inugu har aka gama yaƙi. Yara ba su taɓa ganin kayan nan ba. Mu ma jikokinsa sai ya ga dama yake buɗewa. Da na gaya masa maganar takardar yabo dariya ya yi, ya ce takardu sun cika masa akwati, wanda zai zauna ya saurare shi ne babu.

Kofur: Saje gabana yake nesa ba kusa ba. In ya shigo wuri tsaye nake miƙewa. A kansa ba ni da ta cewa.

Malam Babba: To bari in ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da tsohon malami. Maganar jikan Saje ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Da muna yara akwai tsofaffi biyu a garin nan da suka je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila. Turawan Ingila sun ɗebi samari daga ƙasar nan, da yawansu ta hannun sarakuna da hakimai, aka zuba su a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Indiya, ta 81 a 1943, ta 82 a 1944, daga can aka shiga da su dazukan Bama su yaƙi Japanawa. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, a ka suke ɗaukar kayan yaƙi, abinci kuma ta jirgin sama ake jefo musu. Kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin, hafsan Bature dole ya koye ta.

Sunayen barikokin da kuke ji, Dodan a Legas, Myohaung, Arakan, Letmauk a Ibadan, Dalet a Kaduna, duk wurare ne a Bama inda mutanenmu suka yi faɗa. Chindit ta Zariya ma daga yaƙin can sunan ya fito. Bukavu ta Kano kuwa sunan gari ne a Kwango, inda sojojinmu suka je aikin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960. Ɗayan tsofaffin nan namu yakan zauna a gindin tsamiyar kasuwa yana ƙirga mana ɗaya zuwa goma da Indiyanci, muna dariya muna cewa Bama ta taɓa masa kai. Ya rasu, ɗayan ma ya rasu. Ba mu rubuta ko layi ɗaya daga bakinsu ba, kuma a lokacin ina malami, da alli a hannuna. Yau in ɗan aji shida ya tambaye ni sunan jirgin da ya kai su, ko nawa aka sallame su da shi, sai dai in yi shiru.

Yaƙin basasa an gama shi 1970. Wanda ya shiga yana ɗan 18 a 1968 yanzu yana neman 76. Ku yi lissafin da kanku.

Ɗan Legas: Ikon Allah. Kullum ina wuce barikin Myohaung a Yaba, na ɗauka sunan wani Bayarabe ne.

Sakatare: Malam, don Allah me ya sa aka zaɓi 15 ga Janairu? Wani ya ce min saboda Sardauna ne.

Malam Babba: A'a. Da can 11 ga Nuwamba ake yi tare da sauran ƙasashen renon Ingila, ranar da aka tsayar da yaƙin duniya na ɗaya a 1918. Aka mayar da ita 15 ga Janairu saboda a ranar ce a 1970 Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan. Amma wanda ya gaya maka bai yi nisa da gaskiya ba, don ranar ta zo daidai da juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, da aka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas aka kashe, aka kashe manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema. Shi ya sa mu 'yan Arewa ranar take mana nauyi ta fuska biyu.

Mai Albasa: Salamu alaikum, sai yanzu na sauke kaya na ga saƙonni sun taru. Ni a Anaca nake neman abincina, kun sani. Abin da nake so a kula da shi, in za a sa Baba Saje gaban yara, me zai gaya musu? Don a nan inda nake, yaƙin nan ba labarin jarumta ba ne. Mai shagon da ke kusa da ni, dattijo ne, ya ce min ƙannensa biyu yunwa ce ta kashe su, ba harsashi ba. Tsallaken gada kuma Asaba ce, har yau suna juyayin mazajen da aka kashe musu a watan Oktoban 1967. Ba na so a tara 'ya'yanmu a koya musu cewa mun je mun ci wasu da yaƙi, a tafa. Gobe su ne za su zo nan cirani.

Sarkin Samari: To su wa suka fara? Malam Babba yanzu ya gama lissafa waɗanda aka kashe mana.

Mai Albasa: In aka bi ta wa ya fara, su ma za su ce maka a tuna abin da ya faru da 'yan uwansu a garuruwan Arewa a 1966. Ni da nake kwana cikinsu na san ba a gama wannan lissafin.

Sakatare: Jama'a a yi hattara, dokar zaure ta hana abin da zai kai mu ga zagin ƙabila.

Jikan Saje: Yaya Mai Albasa, kwantar da hankalinka. Baba bai taɓa ba mu labarin yaƙi da alfahari ba. Abin da ya fi maimaitawa shi ne ranar da aka ce an gama, yadda mutane suka riƙa fitowa daga daji, yara ciki ya kumbura gashi ya yi ja, su kuma sojoji suna buɗe gwangwanayen abincinsu suna miƙa musu. In ya kai nan yakan yi shiru ya ce a kawo masa buta. In wani yaro ya ce Baba mutum nawa ka harbe, korarsa yake yi.

Hedimasta: Akwai ma abin da ya dace da wannan. Ƙaramar sakandaren da ke jikinmu an turo musu ɗan bautar ƙasa daga jihar Imo, yaron kirki, da yamma yana koya wa 'yan aji shidanmu lissafi kyauta ba wanda ya sa shi. Shi kansa shirin bautar ƙasar Gowon ne ya kafa shi a 1973 saboda raunin da yaƙin ya bari. Ina ganin a sa shi cikin 'yan sa-kan da za a gode wa, ya zauna kusa da Baba Saje.

Mai Albasa: In haka ne na yarda. Amma a tambaye shi tukuna, kada a zaunar da shi a ce ga misali.

Shugabar Iyaye Mata: Sannunku da hira. Tun ɗazu 'yata ke karanta min, na ce ta rubuta min nawa. Duk lissafin da kuke yi ban ji mace ba sai Malama. Wa ke cika randunan makaranta kullum da safe? Tsohuwar nan ta bayan masallaci ce da jikokinta, ba a taɓa ba ta ko sisi ba. Da iska ta yaye rufin aji uku da aji huɗu da damina, maza sun yi gayya sun hau sama, gaskiya ne, amma wa ya dafa abin da suka ci? Wa ke bi gida gida in yarinya ta daina zuwa, a lallashi uwarta ta sauke mata farantin talla? Mu ne. Ba mu ce a ba mu katako ba, amma in ana kiran suna a kira namu.

Sannan kun manta da matar marigayi, ɗan ajin su Sakatare, wanda ya rasu a bakin daga wajen Tafkin Chadi. Ta dawo gidan iyayenta da yara huɗu, uku suna makarantar nan. Ta yi ta jigilar takardu ana ce mata ta dawo, har kuɗin mota ya gagare ta ta haƙura. Babban ɗan da silifa ɗaya mai ɗinki yake zuwa. In ranar ta waɗanda ba su dawo ba ce kamar yadda Kofur ya ce, to ga 'ya'yan wanda bai dawo ba a gabanku.

Kofur: Hajiya, kin ɗaure ni. Wallahi ban san ba ta samu haƙƙinsa ba. A turo min lambarsa ta aiki da takardar shaidar rasuwa da sunan wanda ya rubuta a matsayin magaji. Yawanci a wajen magajin nan ake samun matsala, mutum ya rubuta mahaifinsa ko wansa tun yana kurtu, ya yi aure bai sauya ba. Ina zuwa taron ƙungiyar tsofaffin sojoji a Dutse, akwai waɗanda suka san hanyar. Ban yi alkawarin za a samu ba, amma zan bi.

Sakatare: Allah ya jiƙansa. Benci ɗaya muka zauna da shi tun aji uku.

Anti Nas: Amin. Ni na ɗauki takalma da yunifom na yaran uku. Kada a sa a lissafin taro, kuma kada a kira su gaban jama'a a miƙa musu, a kai gida.

Hedimasta: Bari in dawo kan maganar Malama, don ni na fi kowa sanin abin da take faɗa. Malaman da gwamnati ke biya a makarantar nan huɗu ne har da ni, sai ɗaya na J-Teach, shirin malaman wucin gadi na jihar Jigawa. In 'yan sa-kai uku suka zauna a gida gobe, aji ɗaya da aji biyu sai dai a haɗa su a gindin bishiya a ba babban yaro bulala. Amma Malama, takarda ba banza ba ce gaba ɗaya. In an buɗe ɗaukar malamai, wanda ke da shaidar ya koyar yana da abin nunawa.

Malamar Aji Biyu: Ranka ya daɗe, to a yi min irin wannan. Wasiƙa mai hatimin makaranta da sa hannun shugaban kwamiti, a rubuta shekarar da na fara da ajin da nake riƙewa, in da hali Sakataren Ilimi ya sa hannu. Ita zan iya yi wa hoto in haɗa da takarduna. Katakon Yaya ba ya shiga fayil.

Ɗan Legas: Shikenan, an kashe min kasuwa. To kuɗin da na ware, 40,000 ne, a yi abin da ya dace da su. Amma Ciyaman fa a gayyace shi. In bai ga yara a ƙasa da idonsa ba, yaushe zai kawo benci?

Direba: Ya gani bara. Ya gani bariya.

Malam Babba: A rubuta masa, zuwa nasa ne. Amma kada a jira shi. Na sha ganin an shanya yara a rana tun hantsi har azahar ana jiran babban baƙo, tsofaffin da aka tara domin su kuma suna gyangyaɗi a kujera. In ya zo, shi zai yi jawabi, maroƙa su yi masa kirari, a tashi ba wanda ya ji muryar Saje.

Na'ibi: Ina ba da shawarar a buɗe da karatun Alƙur'ani daga bakin yaran, a yi wa waɗanda suka rasu addu'a da sunayensu, har da na Bama biyun in Malam Babba zai kawo sunayen. Ni zan sanar a masallaci ranar Juma'ar da ke gaba kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa na hatsi. Yanzu aka gama kaka, tiya ɗaya ta gero ba za ta gagari mai rumbu ba. A raba wa malaman sa-kai da tsohuwa mai ruwa da gidan marigayi kafin azumi.

Ma'aji: Wannan lissafin ya fi kwanta min. In an cire rumfa da kujeru da lemo, saura lasifika kawai, ita ma ta masallaci tana nan. Da 94,500 da 40,000 na Ɗan Legas ya zama 134,500. Shawarata a ba malaman sa-kai uku 20,000 kowanne, tsofaffin sojoji uku a yi musu turmin shadda da ɗan abin cefane, ragowar a sayi tabarmi. Amma in faɗa muku gaskiya, wannan na rana ɗaya ne. In ana so Malama ta daina jin "Allah zai biya ki", sai an sa wani abu duk wata. Mu 140 ne a zauren nan. Ko 500 kowa ya ba da, 70,000 ne.

Direba: Mu 140 ne a karatu. A biya mu 20 ne.

Ma'aji: Kai ma kana cikin 120 ɗin.

Kofur: Ni a cire ni daga shadda, ina da fansho ko yaya yake. A ƙara wa na ukunmu, shi da ba ya gani sosai yanzu. Kuma na janye maganar raba rana, amma da sharaɗi ɗaya: a fara da mamata, a gama da su tsaf, sannan a shiga godiyar masu rai. Kada ana cikin addu'a a ce ga Ciyaman ya iso a miƙe.

Malam Babba: Sharaɗin ya yi. Ni kuma nawa, a samu yara biyu 'yan aji shida masu kyan rubutu da wani mai waya mai sarari, a je gida wajen kowane ɗaya cikin ukun kafin ranar, a ɗauki maganarsu a nutse. A taro ba za su faɗi komai ba sai godiya. A rubuta a littafi mai bango a ajiye a ofis, a kuma tura wa mutum uku a zauren nan saboda waya tana faɗawa ruwa.

Sarkin Samari: Zan kawo wayata. Amma har yanzu ba a ce komai kan 'yan sintiri ba.

Sakatare: Suna ciki, a turo min sunayensu. Batir ɗin tocila kuma a yi magana da Ma'aji.

Direba: Wai kun duba kalanda kuwa? 15 ga wata Alhamis ce. Kasuwar Maigatari. Rabin iyayen yara da asuba za su bi shanu da awaki, ni ma lodi biyu nake yi ranar. Wa zai zauna muku?

Hedimasta: Kai, wannan gaskiya ne. Ranar Alhamis ko yaran ma raguwa suke yi.

Ɗan Legas: A mayar Asabar mana, mu na nesa mu samu zuwa.

Kofur: Ranar ita ce ranar. Ba a ɗaga ta saboda kasuwa.

Shugabar Iyaye Mata: Ku maza ku tafi kasuwarku, mu muna nan. Dama mu ke zuwa taron makaranta ko ba kasuwa.

Malam Babba: A yi addu'ar da fareti ranar Alhamis da safe a wajen taron yara, minti 40 ya isa, wanda ke gari ya zo. Rabon hatsi da wasiƙun malamai a bari sai Asabar da iyaye suka hallara. Kofur ya samu ranarsa, Direba ya samu lodinsa.

Kofur: Na amince.

Jikan Saje: Na karanta wa Baba duka. Ya ce zai zo, zai kuma buɗe akwatin. Amma ya ce faretin da yaran ke yi yanzu abin kunya ne, ba zai tsaya a yi shi gabansa ba, a ba shi su sati biyu kullum bayan an tashi. Kuma gangar makaranta ta fashe tun bara.

Hedimasta: Ranar Litinin ɗin da aka koma zan tura masa 'yan aji biyar da shida. A roƙe shi don Allah ban da tsallen kwaɗo, yanzu an hana.

Direba: Fatar ganga ni zan sayo a Maigatari wannan Alhamis ɗin. Ma'aji ka rubuta ta a madadin bashina.

Ma'aji: Fata daban, bashi daban. Wata bakwai ake bin ka.